Idan Dattijo Ya Fara Ɓata Lissafi: Tsufa Ne Ko Ciwon Damuwa?

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin kan iyaka, daga Kamba da Gaya zuwa Illela da Ƙonni, daga Jibiya da Ɗan Isa har Maigatari, ya san irin dattawan nan da ba su taɓa riƙe biro ba amma lissafin rumfa duka yana cikin kansu. Za ka tarar da mutum ya haura shekara 70, yana zaune a kan buzu, yana gaya maka buhu nawa wane ya ɗauka bashi tun kafin ƙaramar salla, nawa ya biya da naira, nawa ya cika da sefa, da yadda canji yake a ranar da aka yi cinikin. Yara suna ta latse-latsen waya suna neman amsa, shi kuwa tuni ya faɗa. Irin waɗannan mutane kansu shi ne jarinsu. Saboda haka ranar da kan ya fara gardama, abin yakan shafi gida duka, ya shafi masu bin sa bashi da waɗanda yake bi, har da masu ajiyar amana a wurinsa.

Mun saba idan haka ta faru mu ce gigin tsufa ne, a kaɗa kai a ce kowa ya daɗe zai ga daɗau. In mutumin mai hali ne kuma, ba a rasa mai cewa jifa ne ko sammu daga abokan hamayyar kasuwa. Abin da ba kasafai yake zuwa ranmu ba shi ne, wani ciwo da ake iya magancewa, wato ciwon damuwa, yana iya zama shi ne ya ɗaure kan dattijon. Kuma wannan ciwo da cutar mantuwa ta gaske suna da wata dangantaka da likitoci suka shafe shekaru suna bin diddiginta.

Akwai wani dattijo mai harkar hatsi da muka daɗe da sani a ɗaya daga cikin kasuwannin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi. Ba za mu kama suna ba. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, yana da kuɗi masu yawa a hannun mutane a tsallake, kuma kafin a buɗe a Disamba na 2020 wasu sun karye, wasu sun yi layar zana. Bai gama farfaɗowa ba uwargidansa ta rasu, wadda suka yi sama da shekara 40 tare. Sai ga juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. A wannan karon Alhaji bai yi faɗa ba, bai yi ƙorafi ba. Shiru kawai ya yi.

Shirun ne ya yi ta tsawo. Mutumin da a da ba a tashi majalisa sai ya zo, ya koma daga masallaci sai ɗaki. Tuwo yakan dawo kamar yadda aka kai shi. Ƙarfe uku na dare idonsa biyu. A rumfa kuwa, in mai saye ya tambayi kuɗin tiya, sai ya dube shi jim, ya ce a tambayi yaro. Sau biyu yana ba mutum canji ninki, sau ɗaya kuma ya musa cewa an biya shi wani bashi alhali a gaban shaidu aka ƙirga masa. Wannan na ƙarshen ne ya tayar da hankalin ƴaƴansa, domin magana ta fara fita. Suka taru suka yanke shawarar da kusan kowannenmu zai yanke, cewa Baba ya tsufa, ya zauna gida ya huta. Suka karɓi makulli cikin ladabi, suka saya masa sabuwar rediyo.

Cikin wata shida ya koma kamar ba shi ba. Ɗiyarsa da ke aure a birni ce ta zo ta tafi da shi asibiti, ita ma saboda hawan jini da ciwon kan da yake ta kuka da shi. Likitan da ya duba shi ya yi abin da ba kowane likita ke samun lokacin yi ba. Bayan awon jini, ya tambaye shi yadda yake barci, yadda yake cin abinci, da ko akwai wani abin da har yanzu yake jin daɗinsa a duniya. Amsar da ya bayar ta sa ɗiyar ta fita waje tana kuka. A ranar ce aka fara ambata musu ciwon damuwa.

Ciwon da ke shigar burtu

Kowa yana baƙin ciki, kuma wanda ya yi asara ko aka yi masa rasuwa dole ransa ya ɓaci. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa ya wuce nan. Shi ne mutum ya kwashe mako biyu ko fiye, kusan kullum, ransa a dagule ko kuma ya daina sha'awar duk abin da a da yake so, tare da rikicewar barci, ƙin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kansa bai da amfani, wani lokaci har da fatan mutuwa. A wurin tsofaffinmu ciwon yakan shiga rigar wani ciwo. Dattijo ba zai ce maka ransa a ɓace yake ba, don yana gudun a ce ya gaza tawakkali. Zai ce kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓi da na ciwon jiki, ciwon yana nan daram.

Kada a ɗauka ciwon Turawa ne. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2007, ya tattauna da mutane 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarabawa. An gano kashi 26 cikin 100 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7 kuma sun yi shi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Cikin waɗanda suka taɓa yi, kashi 37 ne kawai suka sami wata kulawa kowace iri. Waɗannan maƙwabtanmu ne, masu fama da irin talauci da mutuwar abokan zama da muke fama da su.

To, ina ruwan damuwa da mantuwa? A ɗauki misalin littafin bashi. Abin da ba a rubuta ba, ba a karanta shi. Mai ciwon damuwa hankalinsa ba ya wurin da jikinsa yake, don haka lokacin da ake ƙirga masa kuɗi abin bai shiga kansa ba tun farko, balle ya tuna gobe. Tunaninsa ya yi nauyi, yanke shawara ta zama aiki. Tun a 1961 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Leslie Kiloh ya yi rubutu a kan marasa lafiyar da aka yanke musu hukuncin cutar mantuwa, alhali wani ciwo ne daban, galibi damuwa, kuma da aka yi maganinsa hankalinsu ya dawo.

Akwai ƴan alamun da likitoci ke lura da su wajen bambancewa, ko da yake ba a dogara da su kaɗai. Mai damuwa shi da kansa ke kukan mantuwa, har ya zuzuta ta, kuma in ka tambaye shi abu sai ya ce bai sani ba, ba tare da ya yi ƙoƙari ba. Iyalinsa kan iya nuna watan da abin ya fara, sau da yawa bayan wata asara. Ita kuwa cutar mantuwa, wadda mafi yawanta nau'in da ake kira Alzheimer ne, a hankali take sanɗa cikin shekaru. Mai ita yakan ɓoye, ya ba ka amsar da ba ita ba da ƙarfin gwiwa, ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar, daga baya ya ɓata a hanyar da ya yi shekara 30 yana bi.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Da a nan maganar ta tsaya, da mun ce labari ya yi daɗi. Sai dai kuma akwai sauran rina a kaba. A 1993 wasu likitoci a Amurka ƙarƙashin George Alexopoulos sun bi sawun tsofaffi 57 da aka kwantar saboda damuwa, na kusan shekara uku. Cikin waɗanda suka zo da ruɗewar tunani sannan ta washe bayan magani, kashi 43 cikin 100 daga baya sun kamu da cutar mantuwa ta gaske. Cikin waɗanda suka zo da damuwa kaɗai, kashi 12 ne. Wato dawowar hankali bayan magani abin murna ne, amma ba dalilin daina zuwa asibiti ba ne.

Manyan bincike da suka biyo baya sun ƙarfafa zargin. A 2013 an tattara bincike 23 wuri ɗaya, aka ga cewa damuwar da ta kama mutum a tsufa tana kusan ninka haɗarin kamuwa da cutar mantuwa, kuma haɗarin ya fi yawa ga nau'in mantuwar da ke zuwa daga lalacewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. A 2023 an buga wani daga ƙasar Danmak, inda aka duba bayanan mutane kimanin miliyan 1.4 daga 1977 zuwa 2018. Waɗanda aka taɓa samu da ciwon damuwa haɗarinsu ya ninka fiye da sau biyu, ko a ƙuruciya ciwon ya same su, ko a tsakiyar rayuwa, ko a tsufa.

Masana sun rabu a kan fassarar wannan. Wasu na ganin damuwar ce ke cin ƙwaƙwalwa. Jikin wanda ya daɗe cikin ƙunci yana yawan fitar da wani sinadari mai suna kotizol, kuma yawansa na dogon lokaci yana illa ga wani ɗan sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfos, wanda shi ne ke ɗaukar sabon abu ya ajiye. An auna an ga wannan sashe ya ɗan ƙanƙance a masu damuwar da ta daɗe ko take dawowa. Wasu kuma na cewa sau da yawa damuwar tsufa ita ce sallamar farko ta cutar mantuwa. Hujjarsu mafi ƙarfi wani bincike ne a kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan da aka bi sawunsu shekara 28, aka buga a 2017. A can alamun damuwa na tsakiyar rayuwa ba su ƙara haɗari ba, amma waɗanda suka ƙare da cutar mantuwa alamun damuwa sun fara bayyana gare su sama da shekara 10 kafin a gano cutar.

Akwai bayani na uku, kuma a ganinmu shi ya fi kamata ɗan kasuwa ya riƙe, domin yana hannunsa. Hawan jini da ciwon suga suna toshe ƙananan hanyoyin jini a cikin ƙwaƙwalwa a hankali, ba tare da mutum ya faɗi ko ɓarin jikinsa ya shanye ba. Wannan ɓarna ɗaya tana iya haifar da damuwa da mantuwa a lokaci guda. Mu nawa ne a kasuwa muka san awon jininmu? Nawa ne muke sayen maganin hawan jini na mako biyu, in kai ya daina ciwo mu ajiye? Ga shi kuma mai damuwa shi ne ya fi kowa sakaci da magani, da tafiya, da shiga mutane, sai abin ya zama kamar bashi mai ruwa, kullum yana ƙaruwa.

Makullin rumfa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya fitar da rahoto a 2024 inda ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda a ƙiyasinsa suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar. Ciwon damuwa yana ciki, tare da hawan jini, suga da shan taba. Amma uku ne muke so mai karatu ya duba da kyau: raunin ji, raunin gani, da kaɗaici.

A nan ne muke ganin ƴaƴan Alhaji suka yi kuskure, da zuciya ɗaya. Ga dattijon da ya yi rayuwarsa a kasuwa, rumfa ita ce makarantarsa, ita ce majalisarsa, ita ce inda ake gaishe shi da girma. Can ne yake lissafi, yake ciniki, yake gardama da dillalai a kan la'ada, yake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ka raba shi da wannan ka ajiye shi a zaure shi da rediyo, ka haɗa masa kaɗaici da jin cewa an gama da shi, waɗanda su ne abincin damuwa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ba kuma muna cewa a bar masa jakar kuɗi a yi ta asara ba ne. Akwai hanya a tsakani. Yaro ya riƙe kuɗi da littafi, Baba ya riƙe kujerarsa da bakinsa. A riƙa tambayarsa shawara da gaske, domin ko wanda mantuwa ta fara kamawa yakan daɗe yana gane gero mai kyau da hannu, yana kuma gane mai gaskiya da ido. Abu mafi gaggawa shi ne a zauna da shi tun yana iya tunawa, a rubuta duk wanda yake bi da duk mai bin sa, da kayan amana, a gaban shaidu. Mun sha ganin zumuncin shekara 50 tsakanin gidaje biyu, ɗaya nan ɗaya tsallaken iyaka, ya watse saboda lissafin da ya tafi da mai shi. In kuma an lura sai an ɗaga murya yake ji, ko yana laluben kuɗi kusa da idonsa, a kai shi a duba kunne da ido. Yanar ido aiki ne da ake yi a warke, kuma dattijo da yawa da ake cewa ya rikice, ji ne kawai ba ya yi.

Kada mu manta da iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli, daddawa da fura a bakin kasuwa. Damuwa ta fi kama mata fiye da maza, su ne kuma suka fi daɗewa bayan mutuwar miji. Tsohuwar da ta fara sambatu ko fita da dare, a wasu wurare maimakon a kai ta asibiti sai a fara raɗe-raɗin maita. Wannan zalunci ne a kan marar lafiya.

Magani, da magungunan da ke ƙara dagula lamari

Abu na farko da iyali kan yi idan tsoho ya kasa barci shi ne aika yaro wurin mai kemis ko masu tallar magani a faranti. Kasuwanninmu cike suke da su. Sai a kawo Valium ko Tramol. Irin waɗannan suna ƙara ruɗa tsoho, suna sa shi jiri ya faɗi, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Ko amitiriftilin, wanda maganin damuwa ne na gaske kuma mai araha, yana iya kawo wa tsoho ruɗewa, bushewar baki da riƙewar fitsari, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da shi ko su zaɓi sababbin magunguna irin su sataralin. Waɗannan ma ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi makonni kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji daɗi. Wanda ya tsayar a mako na biyu don bai ga komai ba, ya zubar da kuɗinsa ne.

Likita mai lura zai kuma nemi wasu abubuwan da ke kwaikwayon damuwa da mantuwa, kamar raunin ƙwayar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, ƙarancin jini, da ƙarancin bitamin B12. Idan kuwa dattijo lafiya lau jiya, yau ya tashi bai san inda yake ba, wannan wani abu ne daban, na gaggawa. Yana iya zama zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko bugun jini a ƙwaƙwalwa, kuma a ranar ake kai shi asibiti. Haka nan duk tsohon da ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya zama kaya ga iyali, kada a ɗauke ta maganar tsufa. A zauna da shi, a kai shi ga likita, a kawar da maganin ƙwari na ajiyar hatsi daga inda hannunsa zai kai.

Shin maganin damuwa yana kare mutum daga cutar mantuwa? Wani babban bincike a kan mutanen Birtaniya sama da 350,000 da aka buga a 2022 ya nuna masu damuwar da suka sami magani haɗarinsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba. Alama ce mai kyau, ko da yake bin sawu aka yi, ba gwaji ba. A ɗaya ɓangaren, wani gwaji da aka buga a 2011 a Ingila ya nuna cewa idan cutar mantuwa ta riga ta kama mutum, ƙwayoyin damuwa da aka gwada ba su fi ƙwayar banza amfani ba. Wannan ya sa jinkiri yake da tsada.

Ba ƙwaya kaɗai ba ce magani. A Harare ta Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu abin da mutanen can ke kira yawan tunani, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da alamun damuwa, ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Galibin waɗanda aka yi gwajin da su ba tsofaffi ba ne, amma abin lura shi ne masu ba da maganin tsofaffi ne.

Ga mai neman inda zai dosa, a fara da likita ko ma'aikacin lafiya mafi kusa, a kuma gaya masa batun barci, abinci da shirun, kada a tsaya ga ciwon kai. In ana buƙatar ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, akwai na Dawanau a Kano wanda duk mai harkar hatsi ya san unguwar, akwai na Barnawa a Kaduna da na Maiduguri, sannan babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen wannan aiki. Mun san abin da ke hana mutane zuwa, wato tsoron a ce an kai Baba asibitin mahaukata. Amma surutun da aka yi a kasuwa ranar da ya musa bashi ya fi wannan ciwo.

Shi dai Alhajin namu, an sa shi a magani, an daidaita masa na hawan jini, aka kuma cire masa yanar ido ɗaya. Bayan kamar wata uku ya fara cin abinci, ya fara tambayar yadda kasuwa ta tashi. Babban ɗansa ya mayar masa da kujerarsa a bakin rumfa, shi kuma ya riƙe littafi. Ranar kasuwar da muka je, mun same shi yana gardama da wani dillali a kan buhun wake, kuma shi ke da gaskiya. Sai dai kafin mu tashi ya tambaye mu sau biyu ko yaushe muka iso. Ɗiyarsa ta ce ta rubuta wannan a takarda, za ta nuna wa likita idan sun koma bayan salla.